Lambobin da ke takardar gwajin jinin mai ciki

A ɗakin gwajin jini nake aiki, kuma babu ranar da nake shan tambaya kamar ranar awo. Mace za ta karɓi takardarta, ta ga na'ura ta buga H (ya yi sama) ko L (ya yi ƙasa) a gefen wata lamba, hankalinta ya tashi tun kafin ta isa gaban likita. Wani lokaci maigidan ne zai dawo da takardar: "Malama, an ce jininta ya yi ƙasa, leda nawa za a ƙara?" Lambobin nan da ke jere a gefen dama, waɗanda ake auna sakamako da su, yawanci na wanda ba shi da ciki ne. Na'ura ba ta san mai jinin tana da juna biyu ba.

Ciki yana sauya jini sosai. Ruwan jini yakan ƙaru da kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, jajayen ƙwayoyi kuwa da kashi 20 zuwa 30. Kamar kunu ne da aka ƙara wa gari kaɗan da ruwa mai yawa, dole ya tsinke. Shi ya sa PCV, wato kason jajayen ƙwayoyi a cikin jini, ke sauka, musamman a tsakiyar ciki. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, macen da ba ta da ciki tana da ƙarancin jini idan himogulobin ɗinta, sinadarin jajayen ƙwayoyi mai ɗaukar iskar oksijin, ya gaza 12. Mai ciki sai ya gaza 11, wato PCV kusan 33, a watanni ukun tsakiya ma sai ya gaza 10.5. Ƙasa da 7 kuwa ya yi tsanani, ba a kwana da shi a gida.

Kada wata ta ji haka ta ajiye maganin ƙarin jini. A wajenmu ƙarancin jini na gaske ya yi yawa: zazzaɓin cizon sauro, rashin sinadarin ƙarfe a abinci, tsutsar ciki, haihuwa kusa da kusa, ga sikila. Raina yakan ɓaci idan na ji mace ta daina shan jan ƙwayar nan wai don kada ɗa ya yi girma. Jinin da ta tara shi za ta dogara da shi ranar haihuwa.

Fararen ƙwayoyi, masu yaƙi da cuta, su ne suka fi jawo ɓarna. Takarda takan nuna 4,000 zuwa 11,000. Mai ciki lafiyayya tana iya kai 15,000 ko 16,000, lokacin naƙuda da bayan haihuwa kaɗan har 25,000, kuma nau'in niyutirofil ne ke hawa. Sai a ɗauki takarda a kai kemis, a ce "infekshan" ne ko taifot, a haɗo mata magunguna. Na sha ganin an ba mai ciki tetarasaikilin, maganin da ke taɓa haƙora da ƙashin jariri, ba zazzaɓi, ba zafin fitsari, ba komai sai lamba. Idan akwai zazzaɓi, ko ciwon mara, ko ruwa mai wari, wannan wata magana ce, kuma likita ne zai duba ta. Wani abin lura: mu mutanen Afirka ta Yamma da yawa niyutirofil ɗinmu ƙasa yake da na Turawa ta hanyar gado, alhali yawancin ma'aunan a kansu aka fitar. Don haka na fi son a kwatanta sakamakon mace da nata na baya, in ta adana.

Ƙwayoyin da ke daskarar da jini sukan ɗan ragu. Ma'aunin lafiya daga 150,000 yake farawa, amma a ƙarshen ciki wasu kan sauka ƙasa da haka kaɗan ba tare da matsala ba. Idan suka gaza 100,000, ga hawan jini, ga ciwon kai ko zafi a ƙasan haƙarƙarin dama, a garzaya asibiti, jijjiga na iya biyowa. ESR, gwajin da ke nuna alamar kumburi a jiki, yana hawa a ciki, haka ma sinadarin ALP na gwajin hanta, domin mabiyiya ma tana samar da shi.

Wanda ke tsorata ni shi ne wanda na'ura ba ta yi wa alama. Ƙodar mai ciki tana tace jini fiye da da, da kusan kashi 50 cikin ɗari, saboda haka kiriyatinin ɗinta, wato dattin da ƙoda ke tacewa daga jini, ya kamata ya sauka zuwa tsakanin 0.4 da 0.8. Idan ya fito 1.0, takarda za ta nuna lafiya lau, kowa ya wuce, alhali ƙila ƙodar ta fara gajiya, musamman ga mai hawan jini ko furotin a fitsari. Wannan ne dalilin da nake roƙon nas-nas da likitoci su riƙa rubuta makonnin ciki a takardar neman gwaji. Ke ma, 'yar'uwa, faɗa wa mai ɗibar jininki watanninki nawa ko bai tambaya ba, kuma ki zo da tsofaffin takardunki duk ranar awo.