Asabar: kiɗan da Kawu ya sa ni nema

Da hantsi na kai wa Kawu maganinsa na hawan jini. Na tarar da shi a zaure kan kujerarsa ta roba, rediyo a cinya ba batir. Bayan mun gaisa ya ce, "'Yar nan, wayar taki tana iya nemo kiɗa in ba a san sunansa ba?" Sai ya hau rera shi da hanci, yana buga yatsa a gwiwa. Ya ce tun yana ɗan makaranta a Yamai yake jin sa a rediyo, kuma shi a saninsa kiɗa ne zalla, babu baiti ko ɗaya.

Da kyar muka gano shi. Sunansa Love Is Blue, na Paul Mauriat ne, Bafaranshen nan mai babbar ƙungiyar makaɗa. Kiɗan ya kai lamba ɗaya a Billboard, jadawalin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka, a 1968, ya yi mako 5 a can. Abin da ke jan kiɗan wani kayan kiɗa ne dangin piyano, sai dai sautinsa siriri, kamar ana tsinkar tsirkiyar molo. Kawu ya rufe ido har aka gama.

Ashe kiɗan yana da uwa. Waƙa ce mai suna L'amour est bleu, André Popp ya tsara kiɗanta, Pierre Cour ya rubuta baitocin. Vicky Leandros, yarinya 'yar Girka da ta tashi a Jamus, ita ta rera ta da Faransanci a Eurovision, gasar waƙa ta ƙasashen Turai, ta 1967 a birnin Biyana, a madadin Lukzambur. Ta huɗu ta zo. Sandie Shaw ta Birtaniya, wadda ta hau dandamali ba takalmi, ita ta cinye.

Na kunna masa bidiyon, baƙi da fari. Ga yarinyar tsaye ita kaɗai gaban makirfo, ba rawa, ba kwalliyar a zo a gani. Kawu ya sa na maimaita, wannan karon yana bin kalmomin yana fassara mini. Masoyiya ce cikin farin ciki, zuciyarta tana kuka in masoyin ya yi tafiya, in ya dawo sama ta washe. Ya girgiza kai ya ce, "Shekara da shekaru ina ɗauka kiɗan rabuwa ne." Wallahi ni ma sai da idona ya ciko.

Da dare na bi sauran waɗanda suka sake yin ta. Baitocin Turanci, irin waɗanda Al Martino ya rera, baƙin ciki ne tun daga farko har ƙarshe, da kishi da kuka. Na Jeff Beck da jita bai shige ni ba. Na The Dells na 1969, da suka haɗa ta da wata waƙar, shi kam ya ratsa ni, muryoyin suna da nauyi.

Duk da haka ina bayan Vicky. Mauriat ya kai waƙar inda ita ba ta kai ba, na yarda, amma muryar yarinyar ce ke gaya maka cewa masoyin nan yana dawowa, kuma a gare ni wannan dawowar ce take sa waƙar ta yi daɗi. Na ji daɗi da na ga ta koma gasar a 1972 da Après toi, a madadin Lukzambur ɗin dai, ta kuma cinye. Gobe in Allah ya kai mu zan tura wa Kawu su duka a memori, in haɗa masa da batir.