Mutumin da ya sa rigar ƙungiya 14

Jiya da dare barci ya ƙi zuwa, sai na tsinci kaina ina kallon tsohon wasan besbol na Edwin Jackson, ɗan Amurka mai jefa ƙwallo. Wasan 2010 ne, yana ƙungiyar Arizona, suna karawa da Tampa Bay. Jifa 149 ya yi, babu wanda ya samu bugu mai kyau a kansa har aka tashi. Ni da nake zaune ma kafaɗata ta gaji.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yawonsa. Ya fara da Dodgers a 2003, ranar da ya cika shekara 20, ya kuma doke shahararren mai jefa ƙwallo Randy Johnson. Daga nan sai musaya, yau nan gobe can, har ƙungiya 14. A 2011 ya ci World Series, babban kofin besbol na Amurka, tare da ƙungiyar St. Louis, shekarar da ta biyo baya kuma yana Washington.

Ni wurin aiki huɗu kacal na canza, amma kawuna har yau yana ce mini ba ni da zama wuri ɗaya. Na tura masa bidiyon da safe. Bai buɗe ba tukuna.