Zaɓen Gida a Amurka Zaɓen Makaranta Ne

Duk mai neman gida a Amurka, in yana da yara, ya kamata ya san cewa galibi adireshinsa ne yake yanke makarantar gwamnati ta gunduma da za ta karɓe su. Wani kaso mai yawa na kuɗin waɗannan makarantu daga harajin gidaje yake fitowa, shi ya sa gida a gunduma mai suna yakan yi tsada, har titi ɗaya yakan raba maƙwabta zuwa makarantu biyu.

Makarantun yarjejeniya kuwa, wato charter schools, waɗanda jihar Minnesota ta fara yi wa doka a 1991, kyauta ne, da kuɗin gwamnati suke aiki, amma hukumarsu daban ce. Abin da ya fi damuna game da su shi ne, idan masu nema suka fi kujeru yawa ƙuri'ar sa'a ake yi, don haka kusancin gida ba lallai ya ba yaro gurbi ba, kuma wasunsu ba su da motar ɗaukar ɗalibai.

A ganina, iyaye su fara tabbatar da cewa makarantar gundumar ta kwanta musu a rai kafin su sa hannu a takardar haya, sannan su nemi gurbi a ta yarjejeniya.