Mu Ne Masu Tsare Ƙara a Gidajen Rawar Berlin

Kamfanina ƙarami ne, daga ni sai yarana da motar ɗaukar kaya. A Berlin muke, aikinmu kuma haɗa lasifikoki da toshe ƙara a gidajen rawa da ɗakunan taro. Wanda ke hannunmu yanzu wani sabon gidan kiɗan tekno ne da za a buɗe a ƙarƙashin ƙasan wata tsohuwar masana'anta a gabashin birni. Ba allo a ƙofa, ba talla, wanda ya sani ya sani. Wasu matasa ne suka haɗa kuɗi suka kama haya, suka kira ni in sa musu kayan sauti. Na ce musu lasifika ita ce ta ƙarshe, daga bango za mu fara.

Wanda bai san kiɗan nan ba zai ce na cika tsanani. Tekno kiɗan na'ura ne, bugu ɗaya mai nauyi yake maimaitawa kamar sau 130 a minti, ba hutu har gari ya waye. Baƙaƙen fatar Amurka ne suka ƙirƙiro shi a Detroit cikin shekarun 1980, su Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson. Da katangar da ta raba Berlin gabas da yamma ta faɗi a 1989, aka bar gine-gine fayau a gabas ba mai kula, sai matasa suka shige su da kiɗan. Gidan rawa na Tresor ya buɗe a 1991 cikin ɗakin ajiyar kuɗi na wani tsohon kanti, na Berghain kuma a 2004 cikin tsohuwar tashar makamashi. A lokacin filin Allah ne kewaye da irin waɗannan wurare. Yau kuwa gidajen haya masu tsada sun zagaye su, kuma wanda ya biya haya mai tsada yana son barcinsa.

To ga inda gizo ke saƙar. Birnin ba shi da dokar lokacin rufe gidan rawa, tun 1949 aka soke ta a yammacin Berlin, amma yana da dokar ƙara. Daga ƙarfe goma na dare zuwa shida na safe, a unguwar zaman jama'a, ƙarar da ta iso tagar maƙwabci ba za ta wuce desibel 40 ba, desibel kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara. Idan ta jikin gini take bi ta shiga ɗakinsa, 25 ne iyaka. A filin rawa kuwa ƙa'ida ta yarda a kai 99. Tazarar da ke tsakanin waɗannan lambobi ita ce abincina.

Siririn sauti ba ya ba mu wahala, bango mai kauri ya ishe shi. Mai kaurin nan da ake ji a ƙirji shi ne matsala. Tsawon igiyarsa guda a iska yakan kai kusan mita bakwai, ya shiga kankare da ginshiƙai da bututun ruwa, ya ɓullo a hawa na uku na gidan da ke gefe. Duk wanda ya taɓa kwana kusa da gidan da ake daka da asuba ya san abin: ba kunnenka kaɗai ke jin taɓarya ba, ƙasar da kake kwance a kai ma tana kawo maka ita. Shi ya sa soson da wasu ke mannawa a bango ba ya hana komai fita, amsa-kuwwar cikin ɗaki kawai yake ragewa.

Abin da muke yi shi ne gina ɗaki a cikin ɗaki. Mukan zuba sabon daɓe a kan sifirin na ƙarfe ko roba mai tauri, yadda ba zai taɓa tsohon ba. Sai mu ta da sabon bango da allunan filasta ninki-ninki, mu bar sarari tsakaninsa da na asali, mu cusa audugar dutse, wani abu mai kama da auduga da ke shanye ƙara. Rufi ma rataye shi muke yi. Ƙusa ɗaya tak idan ta haɗa sabon bango da tsoho, ta zama gadar da ƙara za ta bi, aikin ya lalace. Saboda haka ba na barin yaro ya rufe wani sashe sai na duba da idona. Ƙofa biyu muke sawa a jere, ɗaya ta rufe kafin ɗaya ta buɗe. Wanda ya fi cin rai shi ne bututun iska, domin ɗaruruwan mutane suna rawa a ƙarƙashin ƙasa dole su numfasa, kuma duk kafar da iska ta bi, ƙara ma za ta bi.

Aikin yana cin kuɗi, ban ɓoye wa matasan ba. Na tura su ƙungiyar masu gidajen rawa ta Clubcommission su tambaya ko za su cancanci tallafin toshe ƙara da gwamnatin birnin ta soma bayarwa a 2018. Jamus ta sa teknon Berlin cikin jerin al'adun da take karewa a 2024, amma a ƙarshen 2024 ɗin gidan rawa na Watergate ya rufe bayan fiye da shekara ashirin, tsadar haya da kuɗin gudanarwa sun ci ƙarfinsa. Ina jin zafin wannan sosai, don bayan kowane gida akwai masu gadi da masu shara da masu wuta da irinmu.

'Yan'uwa a gida kan tambaye ni yadda nake aiki a irin wannan wuri. Da rana nake shiga, da guduma da na'urar awo, kafin a buɗe ƙofa na kama hanyar gida. Haƙƙin maƙwabci ne a wuyana, shi nake tsarewa.

Saura mu gama bututun iska, sannan mu rataye lasifikoki. Bayan nan za mu roƙi dattijuwar da gidanta ya fi kusa ta bar mu mu auna a ɗakin kwananta da tsakar dare, kiɗa na tashi a ƙasa. Inda awo ya tsaya, a nan zan saita na'urar da ke taƙaita ƙara in kulle ta, yadda ko wane DJ, wato mai sa kiɗa, ne ya zo ba zai iya ƙarawa ba. Sai an yi haka za a sa ranar buɗewa.