Abin da gansakuka ta koya mini a Samaru

Ranar da na faɗa wa Inna cewa a kan tatso man inji daga gansakuka zan yi binciken shekarar ƙarshe, riƙe haɓa ta yi, ta ce, "Wadda muke kankarewa a bakin rijiya?" Danginta ce, sai dai tawa, Chlorella, ƙwaya ɗaya ce tal da ido ba ya gani. Abincinta hasken rana da iskar kabon, irin wadda janareto ke fesarwa. Kusan rabin busasshen nauyinta kabon ne, shi ya sa kilo 1 nata kan zuƙe wajen kilo 1.8 na iskar.

Noman bai ba ni wuya ba. Robobi masu lita 20, ɗan taki, da ƙaramin famfon iska irin na masu kiwon kifi. Cikin kwana goma ruwan ya yi kore shar kamar miyar kuka. Sanyin hunturu ya rage mata sauri, zafin watan Afrilu kuma ya kashe mini roba guda, ta koma ruwan ɗorawa tana wari. Na kuma ga abin da ya ba ni mamaki: sai an hana ta takin naitirojin take tara mai a jikinta, amma daga nan girmanta ya tsaya.

Inda gizo ke saƙa shi ne girbi. Lita 20 da na yi makonni ina lallaɓawa, abin da ya bushe a ciki bai fi giram 10 ba. Na tace da ƙyalle, ta bi ruwa ta wuce. Injin da ke wulwula ruwa ya ware ta kuwa, wutar da yake ci ta fi ƙarfin man da zan samu. A nan na fahimci dalilin da ya sa Amurka ta yi bincike a kan man gansakuka daga 1978 zuwa 1996 ta rufe shirin: man ya fi fetur tsada nesa ba kusa ba. Kuma ko an tatso man, ana ƙona shi kabon ɗin ya koma sama. Juya shi ake yi, ba binne shi ba, kuma ba na son a riƙa ɓoye wa mutane wannan.

Inna ce ta ji ina ƙorafi, ta ce, "Ɗan nan, ka gwada 'ya'yan zogale mana, da su muke kwantar da ruwan rafi." Na ɓare, na daka, na tankaɗe, na dama a roba guda. Kafin la'asar gansakukar ta dunƙule ta kwanta a ƙasa, ruwan sama ya yi garau. Alam ma yana yi, amma yana barin guggubinsa a tunkuzar, ni kuma abincin kifi nake so in yi da ita. Malamina ya ɗaga robar ya duba a hasken taga, ya ce in sake gwadawa sau uku, in auna garin da sikeli.