Fitilu Goma a Zumuntar Mata

Da fasto ya ɗora mini jagorancin nazarin zumuntar mata a makonni huɗu kafin Kirsimeti, sai na zaɓi misalin 'yan mata goma da ke cikin Linjilar Matiyu sura 25, waɗanda suka ɗauki fitilu suna jiran ango, biyar masu hikima da mai, biyar babu mai, domin na daɗe ina jin ana karanta shi a majami'armu ta nan Damagaram ba tare da ya taɓa ni ba. Na bi gidajen 'yan'uwa na aro fitilu goma, waɗanda tocila da hasken waya suka sa aka jingine, na zuba kananzir a biyar, na bar biyar a bushe.

Bayan faɗuwar rana muka kunna su a tsakar gida, kuma abin da na gani bai zo mini a rai ba lokacin da nake shiri. Busassun ma sun kama, har harshensu ya tashi sama, saboda lagwanin kansa ne yake ci. Amma kafin mu gama karanta ayoyi 13 ɗin sun koma hayaƙi da ƙauri. Da farko ba mai iya bambanta su. Na kuma lura cewa a misalin duka 'yan matan goma sun yi barci da ango ya yi jinkiri, masu hikimar ma haka, saboda haka ba barcin ba ne laifin. Matan da suka saba zaman jiran amarya har tsakar dare sun gane wannan tun kafin in yi bayani, ko da yake a misalin ango ake jira.

Wata matashiya ta tambaya, ta ce ashe ba rowa ba ce masu man suka ƙi sammawa 'yan'uwansu? Na rasa amsa. Sai wata dattijuwa, wadda maƙwabtanta Musulmi suka ɓoye a ɗakinsu ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015, ranar da aka ƙone majami'u a garin nan, ta ce: "Ɗiyata, ranar ba wanda ya aiko mana da sanarwa. Littafina ya ƙone, abin da na riga na ajiye a zuciya shi kaɗai na fita da shi, kuma ko ina so ba zan iya ɗibar miki ba." Na ce, "Inna, kin gama mana darasin yau."

Ni dai na shigo da niyyar tsoratar da mutane da ranar shari'a, har na tara alamun ƙarshen zamani a takarda, alhali Matiyu 24:36 ya faɗa a fili cewa ranar da sa'ar ba wanda ya sani sai Uba. A ƙarshen sura 25 kuma, inda ake ware tumaki da awaki, abin da Sarki ya tambaya shi ne wanda ka ciyar, wanda ka shayar, da wanda ka ziyarta yana ciwo ko yana kurkuku. Lissafin kwanaki bai shiga ciki ba, shi ya sa na ajiye takardar.

A daren nan barci ya ƙaurace mini, domin akwai wata mai sayar da atamfa a kasuwar Dole da take bina jika bakwai, shekara biyu ina sauya hanya don kada mu haɗu, ina ce wa kaina akwai lokaci. Da gari ya waye na ƙulle kuɗin a bakin zane na tafi. Na tarar da ita tana shimfiɗa kaya, na durƙusa na roƙi gafara, ta ƙirga kuɗin, ta jawo mini kujera, ta tambaye ni lafiyar yara.