Na raka ɗan yayana kallon kwal a Maiganga

Ɗan yayana ne yake karatun ilimin duwatsu, aikinsa na ƙarshe kuma akan ko kwal ɗin Gombe zai iya bada gas, sai babansa yace Kawu kai zaka raka shi tunda ka san hanyar. Da asuba muka hau mota a Unguwa Uku, Wudil, Birnin Kudu, haka dai har Gombe, muka kwana, washegari muka wuce Kumo, daga can Maiganga ba nisa.

Ni fa a tunanina duk inda kwal yake gas na nan kawai tono ya rage, ashe ba haka bane. Ramin a buɗe yake, an yaye ƙasar sama ana kwasar kwal ɗin ana kaiwa kamfanin simintin Ashaka, yaron yana hango shi yace Kawu wannan da ya sha iska ai gas ɗinsa ya gudu tuni. Wai gas ɗin manne yake a jikin kwal, nauyin ruwan ƙarƙashin ƙasa ne yake danne shi, shi yasa masu haƙowa sai sun fara zuƙe ruwan tukunna yake sakin jiki ya biyo rijiya. Kuma irin na motocin CNG ne, ba na tukunyar girkinmu ba.

Aunawar ce ta fi bani mamaki, sai an huda ƙasa da zurfi an ciro kwal ɗin dunƙule, maza a jefa shi a gwangwanin ƙarfe a toshe, a rinƙa auna abinda yake fitarwa har makonni, sannan a niƙe shi a ga na ciki da ya maƙale, harda lissafin wanda ya tsere kafin a rufe gwangwanin. Duk da haka in kwal ɗin bashi da tsage-tsage da iska zata bi to an yi aikin banza ko da gas ɗin ya cika shi fal.

A mota muna dawowa nace to na Inugu fa da ake tono tun zamanin Turawa, yace shima sai an huda an auna, wai a Ostireliya jihar Kwinsland har jirgin ruwa suke lodawa da irin wannan gas ɗin suna sayarwa waje. Wani ɗan Kantin Kwari dake gefenmu yace shi dai a ƙarasa bututun AKK, wanda ya taso daga Ajaokuta ya bi ta Kaduna, gas ya iso Kano masana'antun Sharaɗa da Bompai su farfaɗo, ko daga ina aka samo shi ba ruwansa. Yanzu dai buhun samfurin yana garejina yana jiran Litinin a kai shi jami'a, Hajiya sai faɗa take wai ya baƙanta mata tayil.